Uwar Kuɗi

Ranar da aka shiga da Inna ɗakin tiyata
ban tsaya karanta ƙananan rubutu ba.
Yarinyar banki ta nuna mini gurbi da bakin biro,
na sa hannu sau uku,
ta miƙo kati shuɗi da sunana a jiki.
Dubu ɗari huɗu.
Na goga, na'ura ta yi tari, ta tofo takarda.

Inna ta warke.
Tana can Badarawa tana faɗa da kajin maƙwabta,
tana cin goro a ɓoye kar likita ya ji.
Ɗaya uwar ce ta ƙi tashi daga gado,
uwar kuɗi,
ta miƙe ƙafa a littafin banki,
duk ƙarshen wata sai ta haihu.

Albashi kan shigo ran ashirin da takwas.
Kafin in sauko daga benen ofis waya ta yi ƙara:
an cire dubu ashirin da huɗu.
In ce alhamdu lillahi, an rage.
Wata goma sha huɗu ina faɗin haka.

Kuɗin ruwa, wai.
Wanda ya raɗa sunan ya taɓa tsayawa kan gada
ya ga kogin Kaduna a watan Agusta.
Ni kuwa ina cikin kwalekwale ina kwarfa da ludayi,
ban duba ɓular da ke ƙarƙashin ƙafata ba.
Ɓular ma har da hannuna:
buhun shinkafa da azumi,
takalman sallar yara,
goga ɗaya, babu zafi, kamar ba kuɗi ba.

Wani dare da aka ɗauke wuta
Lantana ta yago tsakiyar littafin lissafin Ummi,
ta dafe tocila da haɓa.
Ita da ke sayar da zoɓo, ta san ribar kowace gora.
Ta ce, "Malam, duba nan.
A ashirin da huɗunka, ashirin na ruwa ne.
Huɗu kaɗai ke taɓa uwar.
Kai fa renon 'ya'yanta kake yi."
Na ji haushi, don gaskiya ce.
Na fita na zauna kan babur a duhu
har sauro ya koro ni.

Babur ɗin na kai wa Tanimu a Panteka.
Ya zagaya shi, ya shuri taya,
ya ce injin na da mura.
Dubu ɗari biyu da hamsin, ko sisi bai ƙara ba.
Daga can ban biya gida ba,
kar kuɗin su ji ƙamshin tukunya.
Na ce wa yarinyar banki,
"Wannan kan uwar za ki ɗora. Rubuta mini in gani."
Ta rubuta. Wannan karon na karanta har ƙasa.

Katin ya fi yadda na zata tauri.
Sai da na sa hannu biyu a almakashi
kafin sunana ya rabu gida biyu.
Na shiga adashin Madam Rifkatu a ofis,
na sauke kunya na roƙi kwasar fari.

Yanzu ƙafa ke kai ni Kawo, bas ta ƙarasa da ni.
Takalmina ya cinye ta gefe ɗaya.
Saura dubu sittin da ɗaya,
kuma tana ramewa, ina gani.

Jiya Inna ta ce, "Ina babur?"
Na ce yana wajen gyara.
Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina satar ƙuli.
Ta kwance bakin zane,
ta ciro dubu biyu duk sun yamutse, suna warin goro.
"Ungo. Kai wa waccan uwar.
Ka ce in ji ni,
kwanciyar ta isa haka."