Ƙafar Agwagwa

A shagon Marama, can Raglan,
takalman iyo na rataye bisa ƙusa
kamar kifin da aka shanya.

Na ce mata ƙugu ya ƙi.
Shekara talatin ina hawan raƙuman ruwa a tsaye,
bara likita ya dasa mini ƙarfe,
yanzu sai a durƙushe.

Ba ta ce sannu ba. Ta ce, "Cire safa."

"Dogon nan na masu nutso ne,
zai harɗe ka bisa allo.
Mai taurin yana tura mutum kamar inji,
amma sharaɓarka za ta yi kuka.
Mai laushin kuwa, daɗi a ƙafa,
ruwa ya wuce ya bar ka kana fafutuka."

Na gwada bakwai.
Wani ya matse yatsa, shuɗin ya ciji idon sawu.
Na ɗauki gajere, baƙi,
mai huda a ƙasa don yashi ya fita.
Ta ƙara mini igiya: "Tekun nan ɓarawo ne,
kuma wari ɗaya yake ɗauka, don wulaƙanci."

Asuba, sanyi har ɓargo.
Na shiga ruwa da baya-baya,
yaran Tamihana na dariya bisa duwatsu.
Shuri uku, huɗu, sai na ji an ɗaga ni,
gwiwoyi suka sami gurbinsu.
Daga nan ƙasa raƙumin ya fi tsayi,
har ya rufe mini sama.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.
To, wannan ai ba wada ba ne.