Lanƙwasar Ƙ

Kawu Namadi ya ce so yake sunan shagonsa ya yi haske,
ba na ƙwan da ake ratayawa a bakin ƙofa ba,
irin wanda ya gani a Dutse ran da ya je biyan kuɗin taki:
haruffa baƙaƙe, wuta ɓoye a bayansu,
kamar wata ya laɓe bayan kuka.

Na ce to.
Shekara huɗu na yi a Kazaure ina zana benaye
waɗanda ko tubali ɗaya ba a aza musu ba.
Yau ga aikin fari:
shago taku shida a bakin kasuwar Gujungu,
iri, taki, maganin feshi.

Kwamfuta ta sha rana ta ƙoshi a rumfar Kamilu mai caji.
Na hau buhun taki, na buɗe manhaja,
na tsai da bango, na yi masa yaɓe sumul,
na rubuta: ALBARKAR ƘASA.

Sai manhaja ta tofar da Ƙ.
Gurbinta wani akwati fanko,
giɓi a bakin mai dariya.
Na sauya salon rubutu sau goma sha ɗaya,
giɓin na nan.
Kamilu ya leƙo: Ladidi, sa K mana, wa zai lura?
Na ce karanta.
Ya karanta: albarkar kasa.
Ya ɗage ƙafa kamar tana ƙarƙashin benci.
Wa zai sayi irin gero a shagon maciji?

Sai na zana lanƙwasar da hannuna,
ɗigo bayan ɗigo,
ina tuna laujen Inna,
har ta sunkuyo yadda take a bakinmu.

Na janye haruffa daga bango.
Yatsa biyu, haske ya shaƙe.
Yatsa biyar, ya malale kamar kunun da yaro ya zubar.
Uku.
Fari fat ya yi kama da asibiti,
na rage, na rage, har ya koma launin man shanu.
Na danna.

Fanka ta hau nishi.
Hoto ya fara fitowa tsaki-tsaki,
na'ura na tankaɗe, tana sake tankaɗe,
minti arba'in, batir saura bakwai cikin ɗari,
kafin dare ya yi laushi kamar gari.

Kawu ya daɗe yana kallo.
Ya ce: wannan daren wane gari ne?
Ba sauro, ba akuya, ba mai bin bashi.

Barau mai walda ya yanka ƙarfe kwana uku,
ya ƙone lanƙwasar sau ɗaya, ya rantse ba zai sake ba, ya sake.
Ranar da muka kafa, an yi ruwa da la'asar.
Bayan isha Kamilu ya haɗa waya.

Bangon kawu ba sumul ba ne.
Kowane tabon hannun magini ya samu inuwarsa,
hasken ya yi tudu da kwari
kamar gona bayan huɗa.
Sannan shinge suka taso,
dubu, dubu biyu,
abin da ba wani maɓalli a manhajata da ya san da shi.
Yara suka zo da kwanonin ruwa
suka durƙusa ƙarƙashin sunan.

Kawu ajami ya iya, bai iya boko ba.
Ya ce: wacce ce ta ba ki wahala?
Na nuna.
Ya ce: ai ita kaɗai na gane, ta yi kama da kayan aiki.

Ban ce komai ba, ina kallon sama.
Tsaka ta riga ta tare a bayan Ƙ,
cikinta cike, wuta na ratsa fatarta,
ta sako wutsiya ta gefe,
ta ƙara wa harafin lanƙwasa ta biyu
wadda ban zana ba.