Jan-baki a Tafin Hannu

Ni ne mai cajin waya a bakin tashar Auyo,
soket arba'in, janareta ɗaya mai tarin asuba.
A rumfata Lurwanu ɗan Baba Haladu ya yi karatunsa.
Ban koya masa komai ba. Wuta kawai na ba shi.

Kwamfutar ta wani malamin asibiti ce da aka yi wa canjin aiki.
Haruffa uku sun zube mata kamar haƙoran tsohuwa,
batirinta ba ya jiran a idar da la'asar.
Buhu biyu na shinkafa ya bayar, da alkawarin na uku.
Kwana tara uban bai amsa gaisuwarsa ba.

Datar dare ta fi araha, sai ya koma mujiya.
Ƙarfe ɗaya yana gindin tsamiyar bayan firamare
inda sabis yake ɗan leƙowa,
yana sauke darasi da Turancin da bai gama ji ba,
ya tsayar, ya mayar baya,
ya kwafa a tsohon littafin lissafin ƙanwarsa.
Na ga ya kwana uku yana farautar waƙafi ɗaya
da ya tsayar masa da aikin wata guda.
Da ya kama shi bai yi murna ba.
Ruwa ya nema, ya sha, ya kwanta a bencina.

Wasan kuwa na gida ne:
shinkafa ta nuna, jan-baki ya taso kamar hadarin gabas,
kai ne yaron da ke gadi, igiya a hannu,
gwangwanaye rataye daga kunya zuwa kunya.
Ka ja nan, su sauka can.
Ƙarar gwangwanin a fadamar ubansa ya naɗo ta,
ihun kuma na Tasi'u ne ɗan maƙwabta,
an biya shi da ƙosai biyar.
Tsuntsun farko da ya zana buta ya yi kama da ita,
har yau 'yan acaɓa Mai Buta suke kiransa.

Ba shi da katin dala, balle ya kai hajarsa kasuwar duniya,
sai na zama kasuwar.
Duk wanda ya kawo caji, da tsuntsaye yake komawa.
Daga nan Kafin Hausa, daga can Hadeja,
har wani direban tirela ya nuna mini shi, wai daga Fatakwal ya samo.

Wasu suka kira daga Legas da kuɗi a baki.
A mayar da tsuntsun dodo, a ba yaron bindiga.
Ya ce zai yi shawara.
Shawarar ce har yau.
Ni dai da na karɓa, ban ɓoye masa ba.

Shekarar da kogi ya shigo gari da daddare
akuya ya ɗauka a wuya, da kakarsa a baya.
Kwamfutar ta kwana a ruwa.
Muka binne ta a buhun shinkafa sati biyu,
ko ƙyaftawa ba ta yi ba.
Littafin lissafin ne ya tsira, a saman rufi,
tawadar ta bazu kamar shuni a tafin marini.

Yanzu da wayar aro yake sake ginawa,
layi bayan layi, da babban yatsa,
tsakanin ban-ruwa da magariba.
Yara uku suna zama a bayansa suna kallon hannunsa.

Jiya Baba Haladu ya zo karɓar wayarsa.
Ya zauna a ƙarshen benci, ya ba ni baya,
sai na ji gwangwani na ƙara a cikin babbar riga.
Tsuntsaye suka cinye masa gona sau huɗu.
Ya miƙe, ya kakkaɓe, ya ajiye mini hamsin ɗina.
Ya ce, "Ka gaya wa yaron nan,
jan-baki ba ya sauka da tsakar rana.
Sassafe ne, sai kuma yamma lis.
Ya gyara."