Koren Zare

Kwana tara da binne Kaka Endel
na hau benensa a Tartu
da kwali uku da igiya,
in ɗaure abin da ya bari.
Ƙanƙara ta rufe bakin kogi,
murhu ya huce,
kyanwarsa ta tare gidan maƙwabciya,
amma ɗakin ya ƙi yin shiru.

Ƙarƙashin tebur wani abu na huci.
Tsohuwar kwamfutarsa ce, mai ruwan toka,
fankarta na gurnani ciki-ciki.
Na taɓa linzami, allo ya buɗe ido.

Can kusurwar dama, saman agogo,
ga 'yar taga, ba ta kai tafin jinjiri ba,
koren zare na ratsa ta.
Ya sha ɗora ni a cinya ya nuna mini:
"Triinu, nan ake taɓa jijiyarta.
In zaren ya kwanta, hutawa take.
In ya zabura, an aza mata kaya.
Kar ki tambayi injin lafiya, ki duba nan."

Yau zaren bai kwanta ba, bai zabura ba.
Ya manne a rufi kamar tsaka.
Ɗari bisa ɗari.
Ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, huɗun cike maƙil.

Mai ita yana ƙarƙashin ƙasa,
to wa ke aikenta?
Ruwa ba ya tsami banza.
Na ce ɓarawo ne ya shigo ta waya,
ya ga gidan tsoho ba tsaro
ya ɗaura wa baiwar Allah tulu.
Na buɗe jerin masu cin ƙarfinta,
yatsana a kan maɓalli, zan yanke wuya.

Suna ɗaya ne a sama, ya cinye duka.
Na bi sawunsa.
Wasu masana ne a wata ƙasa mai nisa
suka farfasa lissafin da ya fi ƙarfinsu,
suna raba ɓarɓashin ga duk mai so,
ko a gano abin da ke cinye tunanin tsofaffi.
Ranar da ya sa hannu tana rubuce:
shekara goma sha ɗaya,
mako guda bayan Kaka Helju
ta kalle shi a bakin ƙofa
ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Sai na tuna faɗan da muka yi kan kuɗin wuta.
Sai na tuna safa biyu-biyu a ƙafarsa,
da yadda yake tura ƙafar ƙarƙashin tebur
yana cewa ɗumin nan ya ishe shi.
A gefen akwatin, da rubutunsa mai rawa:
"Kar a kashe. Da yayyafi kogi kan cika."

Mai gida na son makullinsa ran Juma'a.

Ban ɗaure ko cokali ba.
Na jawo kujerarsa, na yanki baƙin burodi,
na zauna gadin zare.
Saura kashi bakwai. Saura uku.
Fitilun titi suka kama.
Ƙarfe biyu da kwata na dare
zaren ya saki rufi ya faɗo,
fanka ta sauke numfashi,
ɗakin ya yi shirun da na zo nema.

A wannan ɗan tsakanin na kashe ta,
kafin a miƙo mata wani kayan.

Da safe na rungumo ta a bas,
nannaɗe cikin rigar sanyinsa.
Direba ya tambaya ko kare ne.
A ɗakina na haɗa wayoyin,
sau biyu ina kuskuren rami.
Allo ya buɗe ido.
Zaren ya ɗan yi rarrafe a ƙasa,
ya yi jim,
ya hau.

Na cire takalmi.
Na tura ƙafata ƙarƙashin tebur.