Makulli Ya Bi Wata Hanya

Bayan la'asar a Mai Wurno,
kogi na wucewa da jan ruwansa, ba ya tambayar kowa.
Ni kuwa ina gaban kwamfutar asibiti
da sunaye goma sha bakwai,
kowane da abin da jininsa ya faɗa.

Na huɗu a jerin maƙwabcina ne,
shi ya yanka ragon sunan ɗiyata.
Matarsa ba ta sani ba tukuna.
Ta bakwai kisra take sayarwa a bakin tasha,
in labarin tarinta ya fita
gobe ba mai tsayawa gaban murhunta.

Dakta Mudawi na jira a Sinnar.
Ya ce, ɗauki hoto da waya ka turo,
wa ke da lokaci?
Na ce, Dakta, ran Juma'ar da na zo gidanka
wayar nan a hannun autanka na gan ta,
yana tseren mota da ita.
Ya yi shiru, ya yi dariya,
ya ce, to, ka ci gari.

Hanya uku aka shimfiɗa mini.
Ga imel na kyauta, wanda kowa ke da shi,
zaure mai faɗi, da tabarma da sanyi,
amma ban san wa ke shara cikinsa da dare ba.
Ga na wani kamfani, mai tambari da ado,
na tambaye su ina saƙo ke kwana,
a wace ƙasa, wa ke riƙe da makullin ɗakin,
suka ce za su bincika.
Wata biyu ke nan.
Sai na ukun, mai jan rai, mai yawan tambaya,
wanda ke murɗe rubutu tun bai bar teburina ba
har ya koma sawun kaji a kan rairayi.

Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa, zai je Makka,
ya tsaya nan damina ɗaya, ta zama arba'in.
In zai aika wasiƙa gida
sai ya ɗinke ta cikin fata,
ya ba alhaji mai komawa,
ya dubi tsakar idonsa ya ce, amana ce.
Ni ba idon da zan duba.
Iska ce, da waya, da injunan da ban taɓa gani ba.

Don haka na cire sunaye.
Maƙwabcina ya zama sifili da huɗu,
mai kisra ta zama sifili da bakwai.
Allah ya yafe mini, ba raini ba ne,
mayafi ne.

Adireshin kuwa sau uku na karanta,
harafi bayan harafi, da yatsa,
don akwai wani Mudawin a Sinnar,
dillalin riɗi,
bara saura ƙiris in aika masa hantar wani bawan Allah.

Wuta ta ɗauke.
Batirin sola ya yi tari, ya riƙe.
Saƙo ya ja ciki, ya ja ciki, ya fita.

Makullin bai bi shi ba.
Ba a rataye makulli jikin kwaɗo.
Na fita gindin dalbejiya inda waya ke kamawa,
na kira, na jira har na ji muryarsa,
sannan na faɗi kalma shida
da ba su da dangi da juna.
Ya maimaita. Na ce, kar ka rubuta a bango.

Da magariba na iske maƙwabcina a ƙofar gida
yana gyaran ƙafar keke.
Ya ɗaga kai, ya ce, ya aiki?
Na ce, da godiya.
Ya ce, albasa ta yi tsada bana.
Na ce, ƙwarai.

Gobe da hantsi za a kira shi ɗaki,
a rufe ƙofa, a ba shi kujera.
Shi zai fara ji,
ba gari ba.