Gadin Dare a Farmasi

Yau mu ke gadi. Sauran sun rufe,
fitilarmu kaɗai ke ci daga nan har Mokoyo.
Na ja kujera bakin taga mai ƙarfe,
jan biro a hannuna.
Ba baƙi nake rubutawa a bayan kwali ba,
sanduna ne: ɗaya da hantsi, ɗaya bayan lisha.
Wanda bai iya karatu ba ai ya iya ƙirga.

Baba Kalla ne farko, daga Jiratawa,
taɓon garka bai bushe a ƙafarsa ba.
Wata uku yana tari busasshe, kamar ya haɗiye ƙaiƙayi.
Ya sha zuma, ya sha citta, ya sha siro kwalba huɗu.
Na ce, mu ga ledar.
Kaftofiril, na hawan jini.
Baba, wannan tana sassauta jijiya,
kamar ka ɗaga ƙofar ruwa ya bi kwalbati a hankali,
amma ga wasu, a maƙogwaro take karɓar ladanta.
Kada ka bari da kanka, koma likita a canja maka.
Ya ce, ashe ɓarawon cikin aljihuna yake kwana?
Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Sha biyu, Barira da goyo mai zafi kamar tanda.
Takarda ta ce masassarar sauro.
Farasitamol mafici ne, ƴar'uwa, fifita kawai yake,
kada ki ƙara bisa awo, hanta ba ta kuka sai ta gaji.
Waɗannan masu ruwan ɗorawa su ke kisa.
Ba shi da nono, maiƙo ke kai su cikin jini.
Kwana uku cur.
Ko ya tashi gobe yana bin kaji, kwana uku.

Wani ya tsaya nesa da haske, ya rasa bakin magana.
Fitsarinsa ya zama ja, har zufa ta rina masa wuyan riga,
ya riga ya faɗa wa ƙanensa inda bashi yake.
Na ce, kana shan na tarin fuka?
Rini ne, Malam, ba jini ba.
Idan ido ya yi rawaya, wannan kam ka rugo.
Ya zauna kan dakali, ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

Tsayabu bai kashe babur ba.
Tramol, in ji shi, ba takarda, ga jikka biyu.
Ba ta ɗauke gajiya, Tsayabu,
kunnen ƙwaƙwalwa take toshewa, jiki na kira ba a amsawa.
Na ga wanda ta kayar yana shure-shure a hanyar Ɗan Isa.
Ya ce, na mai tire ya fi araha.
Na sani.

Na san mai tire.
Gurinsa Inna ta sayi na ciwon gwiwa,
bibbiyu, ba ko fura a ciki, damina guda.
Gwiwa ta yi shiru, ƙwayar na kankare mata tumbi.
Ba wanda ya ce mata, mu ga ledar.
Bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta,
kunya ta hana ta faɗi
sai ran da ta kasa ɗaga buta.

An kira asalatu a Bagalam.
Na ɓare tawa, ja, ta ƙarin jini,
wata na shida ke nan, yaron yana shurina.
Da ruwa nake sha, shayi yana hana ta kama jiki.
Ita ma tana baƙanta bayan gida.
Na faɗa wa mata ɗari cewa ba kome ba ne.
Amma kullum safiya sai na tsaya na duba,
na ce wa kaina, wannan baƙin daban,
sannan in zuba ruwa.