Mangwaron Baba Gariba

Reshen gabas ne ya fara.
Ganyen bai zube ba, ya dai rataye
kamar wankin da aka manta a igiya.

Na ce ƙishi ne.
Ƙishi a Kumashi,
inda ruwa ke dukan kwano har ka kasa jin ladan?
Duk da haka na juye masa bokiti shida.

Sai ƙaro ya tsatso daga ɓawo,
baƙi, mai danƙo, yana bin gindi.
Issaka mai walda ya ce baki ne,
wai bara ya yi 'ya'ya har Aboabo ta tanka.

Madam Serwaa ta zo daga Kwadaso,
takalmin roba har gwiwa,
Hausarta ta kasuwar Asawasi.
Ta sare reshen, ta nuna mini cikinsa:
duhu ya bi jijiya kamar tawada a tsumma,
ga ramuka, ƙofar allura.
Ta ce ƙwaro ya huda, funfuna ta bi sawu
ta toshe hanyar ruwa.
Yana tsaye cikin laima, ƙishi na kashe shi.
Ashe ban yi ƙarya ba.

Muka ƙone abin da muka sare.
Adda ma sai da aka yi mata wanka
kafin ta taɓa lafiyayyen reshe.
Ta shafa shuɗin magani a kan raunin,
mai warin tsohon kwabo.

Sannan ta miƙo ƙullin koren gari.
Wannan ma funfuna ce, in ji ta,
amma mai cin 'yar'uwarta.
Cuɗa da taki, binne wajen saiwa,
kada shuɗin ya ɗiga a kanta,
shi bai san aboki ba, kisa kawai ya iya.

Ni da na tsufa ina kankare funfuna daga burodi,
yau ga ni durƙushe ina yi mata shimfiɗa.

Baba Gariba ya dasa shi
shekarar da ya biya bashin keken ɗinkinsa.
Yanzu rana na sauka daidai inda bencinsa yake,
wurin da bai ga rana ba shekara arba'in.

Mako na tara, ganye uku suka leƙo,
jajaye kamar hanta.
Madam ta ce kada in yi guɗa tukuna,
sai damina ta zagayo.

Ban faɗa wa kowa ba.
Issaka dai ya gani ta kan katanga,
ya yi gyaran murya, ya koma bakin wutarsa.